Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Buɗe Wa Ƴaƴan Nijar Hanyar Duwatsun Abzin

Zuwa ga Masu Girma Ministan Muhalli, da Ministan Yawon Buɗe Ido, da Ministan Ilimi na Jamhuriyar Nijar, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ina neman izinin gabatar muku da wani al'amari da ya daɗe yana ci mini rai, wanda kuma na ga ya fi dacewa in faɗe shi a bainar jama'a, domin ya shafi iyaye da malamai da yawa waɗanda ba su sami damar rubuto muku ba.

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a nan birnin Tawa, na kuma haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Wata rana ina koyar da darasin tuddai da duwatsun ƙasarmu, na zana taswira a allo, na nuna jerin duwatsun Abzin a arewacin Agadas, na rubuta cewa ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar ita ce Idukal-n-Tages da ke kan dutsen Bagzam, mai tsawon mita 2,022. Yara suna cikin kwafa sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga layin baya, ta ce: "Mushe, wannan wurin mu ma ana barinmu mu je, ko na Nasara ne kaɗai?" Babu wanda ya yi dariya a ajin, kowa ya ɗago kai yana jiran abin da zan ce. Na gaya mata cewa ƙasarta ce, ba ta bukatar fasfo ko biza kafin ta taka ta. Amma da na koma gida na zauna, sai na ga amsar da na ba ta ba ta cika ba, domin da ta ƙara tambayata inda ake neman izini, da nawa ake biya, da wanda zai yi mata jagora, da inda za ta kwana, da babu wata takarda ko ɗaya da zan iya miƙa mata. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da doka ta tanada, sai dai ina so in maimaita shi saboda masu karatu. A shekarar 1988 ne gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, mai faɗin murabba'in kilomita 77,360, wato kusan kashi biyu cikin uku na faɗin jihar Tawa baki ɗaya, kuma a tsakiyarsa aka ware wani yanki na musamman domin kare dabbar nan ta sahara mai murɗaɗɗun ƙahoni da ake kira adaks. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun cikin jerin kayan gadon duniya, shekara ɗaya bayan haka, a 1992, aka mayar da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda rikicin tawayen da ya ɓarke a arewa, kuma yau fiye da shekara talatin ke nan bai fita daga wannan jeri ba. Yaron da aka haifa a shekarar da aka rubuta sunan gandun a wannan jeri yanzu magidanci ne mai ƴaƴa a lakwal, kuma a mafi yawan lokuta shi da ƴaƴan nasa babu wanda ya taɓa ganin wurin da idonsa.

Ni Allah ya nufe ni da gani, sau ɗaya tak, a hutun Disamba na wata shekara kafin rikicin 2007, albarkacin wani abokin aikina ɗan asalin Timiya da muka koyar tare. Muka hau kar daga Tawa, muka bi ta Abalak, muka ci kilomita wajen ɗari huɗu kafin mu hango hasumiyar masallacin Agadas. Daga can muka sami wuri a bayan wata motar kaya, muka nufi arewa maso gabas ta Elmeki, kuma kilomita ɗari biyu da ƴan kai da ke tsakanin Agadas da Timiya sai da suka cinye mana yini guda cur, domin hanyar wani lokaci rairayin kori ce, wato busasshen rafi, wani lokaci kuma baƙin dutse ne mai kaifi wanda direba yake bi da taka-tsantsan kamar mai tafiya a kan ƙaya. Mutumin Adar ya san dutse, don mu ma da dutse muke tare gonakinmu, amma ban taɓa ganin dutse ya tsaya a gabana kamar katanga har ya rufe rabin sama ba sai a wannan tafiya.

Abin da ya fi zauna mini a zuciya daga Timiya shi ne wata rijiya. Da sassafe, sanyi yana ratsa ƙashi har ruwan buta yana ƙona hannu wajen alwala, abokina ya kai ni lambun kawunsa. A bakin rijiyar an kafa itatuwa an ɗora gargare, an ɗaura igiya a jikin raƙumi, wani yaro ɗan shekara goma yana jansa ya gangara wata ƴar hanya da sawu ya riga ya fafe. Idan raƙumin ya yi nisa sai babban gugan fata ya taso, ya tuntsure da kansa a cikin wani kututturen da aka fafe, ruwan ya bi ƴan magudanai ya shiga fangali bayan fangali, dattijon kuma yana tsaye da ƴar fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan, ba tare da ɗigo ɗaya ya tafi a banza ba. Suna kiran wannan dabara takarkart. A cikin lambun nan guda na ga alkama da tumatir da albasa da tafarnuwa a ƙasa, lemu da rumman da inabi a tsakiya, dabino kuma yana yi musu laima daga sama. Na sha koyar da darasin noman rani, amma a ranar ne na fahimci abin da nake koyarwa, kuma na tabbata duk ɗalibin da ya tsaya minti goma a bakin wannan rijiya ba zai sake barin famfon makaranta yana zuba ba. Da yamma muka taka zuwa inda ruwa yake gangarowa daga kan dutse ya taru a wani kwarmi mai sanyi, irin wanda mutanen wurin suke kira agelmam, muka tarar da mata sun kawo awaki shayarwa.

Daga Timiya muka ci gaba arewa. Muka tsaya a kufan Asode, tsohon birnin da ya taɓa zama cibiyar Abzin, inda har yanzu katangun duwatsu da ragowar babban masallaci suke tsaye, fasassun tukwane kuma suna warwatse a ƙasa, babu kowa sai iska. Muka isa Iferwan a gindin dutsen Tamgak mai tsawon mita 1,988, inda hedikwatar gandun take. A can wani dattijo Ba'abzine ya yarda ya raka mu kwana biyu zuwa gabas, wajen da tuddan rairayin Tenere suke zuwa su jingina da baƙin dutse. Mutumin nan bai taɓa shiga aji ba, amma yana duban ƙasa ya ce barewa biyu sun wuce nan kafin asuba, ɗaya tana ɗingishi, ya nuna mana kashin ragon dutse a kan wata fa, ya gaya mana wace bishiya ake sara da wadda ba a taɓawa. Shi ne kuma ya kai mu gaban wani falalen dutse mai zanen shanu da raƙuman dawa da jiminu, aikin mutanen da suka zauna a wurin dubban shekaru da suka wuce, lokacin da sahara take da tafkuna da ciyawa. A gefen zanen wata saniya, wani baƙo ya ɗauki ƙusa ya kankara sunansa da shekarar zuwansa. Dattijon ya ɗora tafin hannunsa a kan wannan rubutu ya rufe shi, ya ce mana: "Ku dubi saniyar, kada ku dubi wannan." Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta kama ni, ko da yake ba ni na yi ba, domin wanda ya yi rubutun ya je makaranta, wanda ya rufe shi kuwa bai je ba.

Akwai wani dalili da ya sa mu mutanen Tawa bai kamata mu ɗauki Abzin a matsayin wata ƙasa mai nisa ba. Tarihin baka na Gobirawa yana cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro kudu. A ƙarshen ƙarni na 17, Agabba ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Almubarak ne ya ci ƙasar Adar, kuma daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta Illela ta samo asali. Ayarin raƙuma da ke ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi ta cikin Tenere, a kasuwannin ƙasar Hausa yake sauke kayansa ya ɗauki gero da tufafi, shi ya sa har gobe Hausa ce harshen kasuwa da na unguwa a birnin Agadas. Albasa da dankalin turawan da ake nomawa a Tabelot da kan Bagzam suna bi ta kan titinmu zuwa kudu. Jini da ciniki da aure sun haɗa mu da waɗannan duwatsu tun kafin a zana iyakar jihohi, amma ɗalibina ya fi sanin hoton hasumiyar birnin Paris a kan hoton Tamgak.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. An gina yawon buɗe ido na arewa a kan baƙi ƴan ƙasashen waje kusan su kaɗai. A da, a lokacin sanyi jirage suna tasowa kai tsaye daga Faransa su sauka a Agadas, gasar motocin Paris zuwa Dakar tana ratsa Tenere, kamfanonin jagora suna cika da aiki, maƙera suna sayar da azurfa, kuma duk takardun talla da farashi an tsara su ne da harshe da aljihun wanda ya zo daga Turai. Rikicin farko ya tsayar da harkar har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, ta farfaɗo, sannan rikicin 2007 zuwa 2009 ya sake durƙusar da ita, satar ma'aikata a Arlit a watan Satumban 2010 kuma ta sa ofisoshin jakadanci suka shafa wa taswirar arewa jan launi. Daga ranar da baƙo ya daina zuwa, direban da ya san kowane kwazazzabo da mai dafa abinci da mai raƙumi suka rasa abin yi, waɗansu suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, waɗansu kuma suka bi sahun masu neman zinariya tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014. Ban ga laifin wanda ya nemi abin da zai ciyar da iyalinsa ba. Abin da nake cewa shi ne sana'ar da aka ɗora a kan ƙafa ɗaya dole ta faɗi ranar da ƙafar ta gurɗe, kuma ƙafa ta biyu, wato mu ƴan ƙasa, ba a taɓa gwada taka ta da gaske ba.

Wani zai ce ɗan Nijar ba ya tafiya don kallo, talauci ya hana shi. Wannan magana ba ta yi daidai da abin da muke gani ba. Tun da aka fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a nan Tawa a 1975, duk jihar da takobin da ake ba zakaran gasar ya je sai jama'a sun bi shi, suna kwana a tasha da gidajen dangi. Ana cika Ingal a watan Satumba lokacin bikin shan gishirin dabbobi, ana cika Agadas lokacin bikin gargajiya na Biyanu, kuma mun ga yadda mutane suka yi tururuwa zuwa bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a Agadas a 2016 da nan Tawa a 2017. Ɗan Nijar yana tafiya idan ya san ranar, ya san hanyar, ya san abin da zai kashe, ya kuma san ana marhabin da shi.

A halin da ake ciki kuma gandun yana ta zubar da abin da aka keɓe shi dominsa. Jimina mai jan wuya, wadda a da Abzin yake cikin manyan mafakarta na ƙarshe a Afirka ta Yamma, an ƙarar da ita a daji a shekarun rikici, yanzu sai a wuraren kiwo irin na Kelle da Iferwan ake ƙoƙarin raya irinta. Adaks ɗin da aka ware wa yanki guda ya ƙaurace masa, ƴan kaɗan da suka rage suna can wajen Termit da Tin Tumma. Barewa da ragon dutse suna fama da mafarauta masu motoci da babura, ana sare itatuwan kori ana yin gawayi domin kasuwannin Agadas da Arlit, masu haƙar zinariya suna barin ramuka da guba a inda makiyayi yake shayar da dabbarsa, ana kuma tsince kibiyoyin dutse da sauran kayan mutanen da ana sayarwa. A kan manyan duwatsu irin su Gerebun har yanzu akwai itatuwan zaitun na daji, ragowar zamanin da sahara take da damshi, waɗanda idan aka sare ɗaya ba mai rai a yau da zai ga madadinsa ya girma. Mun riga mun san yadda irin wannan asara take. Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar rairayi tana yi wa ayari alama, mota ce ta buge ta a 1973, yau gawarta ce take ajiye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, kuma yaranmu suna zuwa su kalli busasshen itace a cikin rumfa.

Na yi imani cewa rashin sanin wurin yana cikin abubuwan da suke kashe shi. Ma'aikacin gandun daji da aka tura ya tsare fili mai wannan faɗi ba zai iya shi kaɗai ba, ko da an ba shi mota da mai, matuƙar sauran ƴan ƙasa ba su ɗauki abin a matsayin nasu ba. Ɗan majalisa ko babban ma'aikacin da bai taɓa jin sanyin Iferwan ba, da wuya ya tsaya kai da fata a kan kasafin gandun. Sojan da aka kai shi yana yaro ya ga barewa tana kiwo da asuba, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga bindiga a kanta ranar da aiki ya kai shi can.

Saboda haka roƙona na farko mai sauƙi ne, ba ya kuma bukatar kuɗi mai yawa. A fitar da bayani a fili, a takarda da rediyo da intanet, wanda zai gaya wa ɗan ƙasa wuraren da aka yarda a ziyarta a wannan lokaci da waɗanda aka rufe, da ofishin da ake neman izini, da kuɗin shiga na ɗan ƙasa da na ɗalibi a sefa, da sunayen jagororin da hukuma ta amince da su. A shekarun baya na taɓa shiga wani ofishi ina neman irin wannan bayani domin ɗalibaina, aka karɓe ni da mutunci, amma abin da aka iya ba ni shi ne wata tsohuwar takarda mai sheƙi da aka buga domin baƙi, babu ko kalma ɗaya a cikinta da ta shafi malami mai yara arba'in da ƴan jikkuna kaɗan. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris ɗin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya dace wannan bayani ya fito da Hausa, ya kuma fito da Tamajak, harshen masu wurin, da Zabarmanci da sauran harsunanmu.

Na biyu, wanda shi ne zuciyar wannan wasiƙa, ina roƙon ma'aikatun nan uku su haɗa hannu su kafa tsarin ziyarar ɗalibai, a kuma fara shi daki-daki gwargwadon abin da hukumomin tsaro suka amince. Ba sai an fara da zurfin Tenere ba. Zangon farko yana iya tsayawa a tsohon birnin Agadas, wanda shi ma ya shiga jerin kayan gadon duniya a 2013, yara su ga hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 da fadar Sarkin Abzin, su fita zuwa lambunan Dabaga a bakin korin Telwa, su ga ruwan zafi na Tafadek, su je Dabus a kan hanyar Arlit su tsaya a gaban zanen raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita biyar da aka sassaƙa a jikin dutse. Idan wannan ya kankama, kuma hali ya yi, sai a miƙa zuwa Timiya da Asode da Iferwan. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda hutun Disamba ya faɗo a tsakiyarsa, domin da bazara zafi ba ya ɗaukuwa, da damina kuma kori yana iya kawo ruwa daga dutse ba tare da an ga hadari a wurin ba, ya yanke hanya ko ya tafi da mota. Kowace jiha tana iya zaɓen ɗalibai kaɗan a shekara, maza da mata daidai, ƴan birni da ƴan karkara, a haɗa su da ɗaliban jami'o'in Agadas da Tawa masu karatun ƙasa da tsirrai, a kwana a makarantun da suke hutu, iyaye su kawo abin da suka iya, hukuma ta ɗauki mota da rakiya. Yaron Gaya ko na Difa da ya ci tuwo a gidan Ba'abzine, ya sha shayi zagaye uku a bakin wuta, ya koma gida da abin da darasin haɗin kan ƙasa na shekara guda ba zai ba shi ba.

Ba na raina maganar tsaro, kuma ba zan kai ɗan wani inda ba zan kai nawa ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Kure, wurin kallon raƙuman dawa kusa da Yamai, a watan Agustan 2020 ba, inda aka kashe mutum takwas, cikinsu har da ƴan ƙasarmu biyu, a wurin da kowa yake ɗauka amintacce ne. An kuma binne nakiyoyi a waɗansu hanyoyin Abzin lokacin rikicin 2007, don haka babu mai hankalin da zai ce a saki yara su bi kowace hanya. Hukuncin inda za a je da inda ba za a je ba na jami'an tsaro ne, kuma duk abin da suka yanke za mu bi. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa duba wannan hukunci lokaci bayan lokaci, wuri bayan wuri, a kuma sanar da shi, maimakon a bar arewa gaba ɗaya a rufe a zukatan mutane saboda shiru. A haɗa da gaggauta gyaran titin Tawa zuwa Agadas da Arlit, domin ramukansa su ma haɗari ne ga duk motar da ta ɗauki yara.

Sai maganar masu wurin, wadda nake ganin idan aka yi sakaci da ita komai zai rushe. Gandun Abzin ba kango ba ne, akwai makiyaya da masu lambu da suke zaune a cikinsa da kewayensa tun kaka da kakanni, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kafin a tsara kowace hanya ta baƙi, a zauna da fadar Sarkin Abzin da shugabannin ƙabilu da magadan garin Iferwan da Timiya da Tabelot, da ƙungiyoyin mata, a ji abin da suke so da abin da ba sa so. Jagora ya kasance ɗan wurin, abincin da za a ci a saye shi a wurin, cuku da lemu da tabarmi da aikin maƙera a saye su daga hannun masu yi, wani kaso sananne na kuɗin shiga kuma ya tsaya a ƙaramar hukumar da aka ziyarta, a rubuta shi a allo kowa ya gani. Irin dattijon da ya raka mu, a ba shi takardar shaida da alawus a matsayin mai gadin gandu, a kuma haɗa shi da matasa su koyi karatun sawu da sunayen itatuwa kafin wannan ilimi ya bi masu shi kabari. Mu kuma masu zuwa a ɗora mana sharuɗɗa masu tsauri, a karanta mana su tun a tasha: kada a yi wanka da sabulu a agelmam ɗin da mutane da dabbobi suke sha, kada a ɗauki ko tsakuwa ɗaya daga kufai, kada a taɓa zanen dutse balle a yi rubutu a kansa, kada a ɗauki hoton mace ko na gida ba da izini ba, kuma duk ledar da aka shiga da ita a fito da ita. Malamin da ɗalibansa suka karya waɗannan sharuɗɗa a hana makarantarsa zuwa shekara mai zuwa, ni ma na yarda a yi mini haka.

Ma'aikatan gandun daji da suke Iferwan kuwa, a ƙara musu yawa da motoci da mai da hanyar sadarwa, domin baƙo ba zai amfana da wurin da ba a tsare ba. Waɗanda tafiya ba za ta yiwu gare su ba, a kai musu Abzin inda suke: hotuna da taswira da fim da bayani cikin harsunanmu, a zagaya da su makarantu, a kuma ware wa gandun wani ɓangare na shirye-shiryen ranar 3 ga Agusta da muke dashen itatuwa.

Yarinyar da ta yi mini waccan tambaya tana ajin ƙarshe a bana. Ita da ƴan ajinsu sun buɗe asusu, kowane mako suna zuba ɗan abin da suka rage daga kuɗin karin kumallo, iyaye da dama kuma sun sa hannu a takardar amincewa da sharaɗin cewa hukuma ce za ta ba da izini da rakiya. Takardun suna cikin jakata, kuma a shirye nake in kawo su duk ofishin da kuka umarta, a Tawa ko a Agadas ko a Yamai, kafin hutun Disamba ya zo.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Malamin tarihi da labarin ƙasa,
Birnin Tawa.